Rawayan baki: Tsuntsun lambunan Zauro da ɗan uwansa na tsibirin Firinsife da ke gab da ƙarewa

Babu manomin shinkafa a fadamar Rima, tun daga Argungu har zuwa Zauro da Birnin Kebbi, da ke buƙatar a gabatar masa da jan baki. Tsuntsu ne da nauyinsa kimanin giram 20 ne kacal, amma idan garkensa ya taso daga makwanci da sassafe sai ka rantse hayaƙi ne ya turnuƙe sama, kuma gonar da ya sauka a kanta lokacin da shinkafa ta fitar da kai, mai ita ya san guminsa ya tafi. Saboda shi ake tura yara gona da gwangwani da majajjawa tun duku-duku, saboda shi ne kuma gwamnati kan yi hayar jiragen feshi. A cikin wannan kwari akwai wani tsuntsun da bakinsa rawaya ne. Shi ba ruwansa da gonar shinkafa, ba ya tafiya a garke, ba ya jawo wa kowa asara, saboda haka ba a cika damuwa da saninsa ba, ko da yake mutane da dama sun sha jin muryarsa da asubahin damina ba tare da sun ɗaga kai sun nemi mai ita ba.

Masana tsuntsaye na kiransa da sunan Latin, Turdus pelios, sunan da Charles Lucien Bonaparte, ɗan ƙanen Napoleon na Faransa, ya raɗa masa a tsakiyar ƙarni na 19. A nan za mu kira shi rawayan baki. Gidan Turdus babban gida ne, mai jinsi sama da 80 da suka bazu a Afirka da Turai da Asiya da nahiyoyin Amurka. Ɗaya daga cikin 'yan gidan yana zaune a tsibirin Firinsife, cikin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 300 kudu da gaɓar Neja Delta, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai a wani ɓangare na wannan tsibiri. Ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta ƙiyasta cewa manyan da suka rage daga cikinsu ba su kai 250 ba. Da mutane ne, motocin safa biyar sun kwashe su duka. Sunansa Turdus xanthorhynchus, kalmar ta biyu daga Girkanci take, fassararta kuwa ita ce rawayan baki. Namu na lambu yana nan birjik daga Senegal har Habasha. Yadda aka yi 'yan gida ɗaya suka sami makoma daban-daban haka, shi ne abin dubawa.

Na gida tukuna

Rawayan bakin lambu ya ɗan gaza kurciya tsawo, santimita 21 zuwa 23 daga baki zuwa wutsiya. Bayansa ruwan ƙasa ne mai sirkin toka, maƙogwaronsa fari-fari da zane-zanen ruwan ƙasa, gefen cikinsa da ƙarƙashin fuka-fukinsa kuma suna da launin ruwan goro mai haske, wanda sai ya tashi ake ganinsa sosai. Mace da namiji kamanninsu ɗaya. Ba shi da kwalliyar da za ta ja ido, in ban da bakin nan da ke sheƙi kamar an shafa masa garin ɗorawa.

Tafiyarsa ce ta fi saurin tona shi. Yawancin kiwonsa a ƙasa yake yi, ƙarƙashin inuwa. Yakan yi 'yar sassarfa taku uku ko huɗu, ya tsaya cik, ya karkata kai gefe guda, sannan ya kai sara ya zaro tana daga cikin danshi. In ya sami tarin busasshen ganye sai ya dinga watsa shi da baki, yana tsintar gara da tsutsa da ƙananan ƙwari. An kuma san shi da ɗaukar katantanwa ya kai ta kan dutse ya yi ta bugawa har ɓawon ya fashe, kamar maƙeri da uwar maƙera. Rabin abincin nasa kuma a sama yake: 'ya'yan ɓaure da cediya da durumi, nunanniyar gwanda, da 'ya'yan dogon yaro.

Batun dogon yaron nan, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, abin lura ne. Itacen baƙo ne, asalinsa ƙasashen Indiya da Bama, kuma a ƙarshen shekarun 1920 aka fara dasa shi a lardin Borno, daga nan ya mamaye titunan Arewa da makarantu da unguwannin ma'aikata. Tsuntsun da kakanninsa ba su taɓa ganin wannan itace ba ya mayar da 'ya'yansa cikin manyan abincinsa. Shi ma yana biyan kuɗin abin da ya ci, domin yana haɗiye ɗan itace a nan ya zubar da ƙwallon a can. Ɓauren da ka ga ya tsiro a tsagar tsohon gini, ko ya nannaɗe jikin giginya, ba mutum ne ya shuka shi ba. Aikin tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace ne da jemagu.

Abubuwa uku yake buƙata kafin ya zauna a wuri: inuwa mai kauri, ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye a kanta, da itatuwa masu 'ya'ya. A kudancin Najeriya waɗannan suna ko'ina, shi ya sa a Ibadan ko Kalaba kusan kowace harabar gida mai itatuwa tana da nata. A ƙasar Kabi lamarin daban ne. Ruwan shekara a Birnin Kebbi kimanin milimita 800 ne, mafi yawansa yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, sai watanni bakwai ko takwas na rani, da zafin Afrilu da kan haura maki 40. A irin wannan ƙasa rawayan baki ba zai iya zaman fako ko gonar tudu ba. Sai bakin gulbi, da lambunan mangwaro da gwaiba, da kurmin da ya rage a gefen fadama, da tsofaffin unguwannin da aka dasa wa itatuwa.

Bahaushe ya ba shamuwa sarautar albishir da damina, kuma ta cancanta, tunda tana zuwa a fili kowa ya gan ta. Rawayan baki nasa albishir ɗin da murya yake yi. Da zarar hadari ya fara haɗuwa, namijin kan hau reshe kafin fitowar rana ya saki wani zazzaƙan fito mai hawa da sauka, ya maimaita gaɓa ɗaya sau biyu ko uku, sannan ya sauya wata, ya kuma koma bakin aiki da almuru. Kiran mace ne, kuma gargaɗi ne ga sauran maza cewa wannan yanki yana da mai shi. Sheƙarsa kamar ƙoƙo take, ta ciyawa da saiwoyi da aka ɗaure da laka, a kan reshe ko a gwafar itace, galibi ƙasa da mita goma. Macen takan saka ƙwai biyu ko uku masu launin shuɗi-shuɗi da ɗigo-ɗigon ja, ta kwanta a kansu kimanin mako biyu, in an ƙyanƙyashe kuma uwa da uba su haɗu wajen ciyarwa. Sau da yawa sukan yi zubi biyu a damina guda. Dalilin zaɓen damina a bayyane yake: sai da ruwa ake samun lakar gini, sai da ruwa tana ke hawowa sama, sai da ruwa shinge ke tashi.

Duwatsun da suka fito daga teku

Idan mutum ya shimfiɗa taswira zai ga wani layi na duwatsu masu aman wuta, tsofaffi da masu rai, da ya taso daga cikin teku ya shigo tudu: Annobon, Sawo Tome, Firinsife, Biyoko, sai Dutsen Kamaru, ya bi ta tsaunukan kan iyakarmu da Kamaru, reshensa guda ya ƙare a tsaunin Biu na Jihar Borno. Ma'aikatan da suka daɗe a Abuja za su tuna Sawo Tome da Firinsife saboda yarjejeniyar 2001 ta haƙar mai a yankin tekun da muka yi tarayya da su, wadda ta ba Najeriya kashi 60, su kuma 40. Ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita kusan 1,000 ce, wato Jihar Kebbi ta ninka ta fiye da sau 35. Duk da haka tana da jinsin tsuntsaye fiye da 25 da babu su a wani wuri a duniya.

Bambancin Biyoko da sauran shi ne mabuɗin fahimtar lamarin. Biyoko kilomita 32 ne kawai daga gaɓar Kamaru, ruwan da ke tsakaninsu kuma ba shi da zurfi, har ma a zamanin da ƙanƙara ta tsotse ruwan tekunan duniya tsibirin haɗe yake da tudu, sai kimanin shekara 10,000 da suka wuce ruwa ya raba su. Don haka rawayan bakin Biyoko jinsinsa ɗaya da na Zauro, reshe ne kawai mai ɗan bambancin launi. Sawo Tome da Firinsife kuwa daga ƙarƙashin teku mai zurfi suka ɓullo, ba su taɓa haɗuwa da Afirka ba, ba su kuma taɓa haɗuwa da juna ba. An ƙiyasta shekarun Firinsife da kimanin miliyan 31. Duk wani mai rai da ke kansa, kafin zuwan jiragen mutane, ko dai ya zo ta sama, ko iska ta kawo shi, ko ya hau gungumen da ambaliyar manyan koguna ta tura teku. Kakannin rawayan bakin Firinsife 'yan tsiraru ne da suka tsallaka fiye da kilomita 200 na ruwa, suka sauka, hanya ta rufe a bayansu. Zuriyarsu ta yi ta auratayya a tsakaninta tsawon zamunna, har siffa ta sauya, murya ta sauya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in ji masu magana, kuma a nan maganar ta zama hujjar kimiyya.

Mutanen Fotugal sun iso tsibiran a wajajen 1470, suka tarar babu kowa. Suka kafa gandayen rake da bayin da suka kwaso daga gaɓar Binin da Neja Delta da Kwango, a ƙarni na 19 kuma aka koma kan kofi da koko, har ƙasar ta shiga sahun manyan masu noman koko a farkon ƙarni na 20. An sare dajin arewacin Firinsife domin gandaye. Kudancin tsibirin, mai tsaunuka masu tsini da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya gagari gatari, kuma a nan ne, cikin gandun dajin da aka keɓe a 2006, tsuntsun ya rage.

Wani ɗan Italiya mai tattara halittu, Leonardo Fea, shi ya fara samo shi, kuma Tommaso Salvadori ya ba shi suna a 1901. A 1928 José Correia ya samo wasu 'yan kaɗan domin gidan adana halittu na birnin New York. Daga nan sai shiru na kusan shekara 70, har wasu suka fara yi masa kallon wanda ya ƙare, kafin a sake ganinsa a ƙarshen shekarun 1990. Akwai wani abu a tarihin nan da duk ma'aikacin ofis zai gane nan take. A tsawon wannan lokaci littattafan masana sun sanya shi a matsayin reshe na rawayan bakin Sawo Tome, wanda yake da yawa a tsibirinsa. Takardarsa ta shiga fayil ɗin wani, kuma tunda mai fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya ware masa kuɗi ko kulawa. Sai a 2010 Martim Melo da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya gwada tsawon gaɓɓai da launi da murya da ƙwayoyin halittar gado, suka nuna cewa jinsi ne mai zaman kansa. Na Sawo Tome bakinsa da ƙafafunsa masu duhu ne, na Firinsife rawaya ne, ya kuma fi ƙanƙanta, kukansu ma ba iri ɗaya ba. Bayan haka ne IUCN ta sanya shi a matakin da daga shi sai ƙarewa.

Rashin tsoro

Masu binciken da suka shiga dajin sun ba da labarin tsuntsu mai sakin jiki, wanda kan matso kusa da mutum yana kallonsa. Wannan halin tsuntsayen tsibiri ne a duk duniya. Tsoro yana da tsada: tsuntsun da ke tashi duk lokacin da ganye ya motsa yana asarar lokacin kiwo. A tudun Afirka ana biyan wannan kuɗi dole, domin akwai muzuru da biri da maciji da shaho da yaro mai danƙo, kuma wanda bai biya ba ba ya barin zuriya. A tsibirin da babu mai farauta a ƙasa, wanda ya rage tsoro shi ne ya fi ƙoshi, sannu a hankali tsoron ya zube daga jinin zuriyar. Ranar da mafarauci ya iso, ba a iya koyon abin da aka manta cikin dare ɗaya.

Jiragen Fotugal sun kawo ɓeraye da kyanwoyi, an kuma shigo da birin mona, wanda a kurmin kudancin Najeriya ɗan gida ne. Mutanen da ke shiga daji neman manyan katantanwa, ko kamun aku mai jan wutsiya, irin wanda ake gani a keji a kasuwanninmu, sukan buge tsuntsun su gasa, tunda kamunsa ba ya buƙatar wata dabara. Wata gidauniya ta tsibirin, Fundação Príncipe, da haɗin gwiwar ƙungiyar Fauna & Flora, ta ɗaura kyamarori a daji, kuma rahoton da aka wallafa a 2021 ya nuna birin mona yana kai wa sheƙuna hari, har masu binciken suka sanya shi cikin manyan barazanar da tsuntsun ke fuskanta. Rawayan bakin tudu ya saba da irin wannan asara: in biri ya cinye zubin farko zai yi na biyu, in ya ƙare a wannan kurmi wasu za su zo daga na gaba. Na Firinsife ba shi da na gaba.

Yadda abin kan kasance da sauri, tsibirin Lord Howe ne shaida. Yana kimanin kilomita 600 gabas da Ostareliya, kuma yana da nasa ɗan gidan Turdus, wanda ya kasance cikin tsuntsayen da aka fi gani a wurin. A watan Yunin 1918 wani jirgin ruwa mai suna Makambo ya kafe a gaɓar tsibirin, ɓeraye suka sauka. Cikin 'yan shekaru tsuntsun ya ƙare ƙurmus, tare da wasu tsuntsaye huɗu na tsibirin. Sai a 2019 aka yi gangamin da ya kawar da ɓerayen, bayan shekara ɗari, lokacin da babu sauran wanda za a mayar daga cikin biyar ɗin. Mafi yawan tsuntsayen da aka tabbatar sun ƙare a duniya daga shekarar 1500 zuwa yau mazauna tsibirai ne.

Gungu a tsakiyar shinkafa

Mutanen Kebbi ba baƙin tsibiri ba ne. Gungu ake ce masa, kuma daga nan Gungawan ƙasar Yawuri suka samo sunansu, mutanen da tafkin Kainji ya tashi da yawansu daga tsibiransu a 1968. Tsibiran Foge na cikin tafkin suna cikin dausayin da aka yi wa rajista ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2008 saboda tsuntsayen ruwa. Amma a wurin masana, tsibiri bai tsaya ga ƙasar da ruwa ya kewaye ba. A 1967 wasu Amurkawa biyu, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka wallafa littafin da ya nuna cewa yawan jinsin halittun da tsibiri ke riƙewa ya dogara ne kan abu biyu: girmansa, da nisansa daga inda sababbi za su zo. Ƙaramin tsibiri yana saurin rasa abin da yake da shi, mai nisa kuma yana jinkirin samun madadi. Ƙiyasin da aka saba yi shi ne, in fili ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, kusan rabin jinsunan da ke cikinsa za su ɓace. Ba a daɗe ba aka gane cewa lissafin yana aiki a kan kowane yanki na daji da gonaki suka yi wa ƙawanya.

Mai karatu ya buɗe hoton tauraron ɗan Adam a wayarsa ya dubi kwarin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Zai ga shimfiɗar fadama, da jar ƙasar tudu a gefe da gefe, da ɗigo-ɗigo masu duhu nan da can. Ɗigon nan su ne lambunan mangwaro, da maƙabartu masu tsofaffin itatuwa, da harabobin makarantu, da ragowar giyayya da kanya da ɓaure a bakin tsofaffin hanyoyin ruwa. Ga tsuntsun da rayuwarsa ke ƙarƙashin inuwa, gonar shinkafa mai faɗin kilomita da teku duk ɗaya ne, babu wurin sauka, babu abin ci. Kowane ɗigo gungu ne.

Kada a zarce da kwatancen. Rawayan bakin lambu ba ya cikin haɗari, IUCN ta sanya shi a jerin waɗanda ba a fargaba a kansu, kuma tsallaka 'yan kilomitoci ba komai ba ne a wurinsa. Dashen mangwaro da dogon yaro ma ya ƙara masa mazauni a wuraren da da can ba zai iya zama ba. Amfaninsa a nan na ma'auni ne. Lambun da ya daina jin muryarsa da damina ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan, inuwa ko danshi ko 'ya'yan itace, kuma waɗannan su ne abubuwan da ke riƙe bakin gulbi daga zaizaya, su kare ƙauye daga iskar bazara. Ƙaramin gungu kuwa duk cikinsa gefe ne: iskar hunturu tana ratsa shi ta busar da ganyen ƙasa, muzuru yana kaiwa tsakiyarsa, awaki suna cinye duk tsiron da zai gaji manyan itatuwa.

Kwarin ya sauya sosai cikin shekara hamsin. Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 da na Goronyo da ya biyo baya a 1984 sun sauya lokaci da girman ambaliyar da fadama ta saba sha, alhali itatuwa irin su giyayya a kan wannan ambaliya suka dogara. Babban aikin noman rani na Zauro, wanda aka tsara tun 1969 domin a kewaye fiye da hekta 10,000 da ganuwar ƙasa a riƙa sarrafa ruwansu, ya tsaya a gwajin hekta 100 da aka yi a farkon shekarun 1980, kuma gwamnatoci suna ta ɗaga maganarsa suna ajiyewa. Abin da babban aiki bai yi ba, rijiyar burtsatse da ƙaramin injin ban ruwa sun yi. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya ƙara wa abin wuta, har aka kai ga dalar shinkafar da aka nuna wa duniya a Zauro a Maris ɗin 2021. Babu mai hankalin da zai yi jayayya da shinkafa a ƙasar da ke neman abinci. Sai dai manomin shinkafa ba ya ƙaunar itace a gonarsa: inuwa tana rage masa amfani, saiwa tana karya garmar tarakta, reshe kuma masaukin jan baki ne. Ga masu turara shinkafa da masu bandar kifi da gidajen burodi, duk da itace suke aiki, ga gidajen birni da tsadar iskar gas ta mayar kan gawayi.

Sai feshi. Maganin da aka daɗe ana yaƙar jan baki da shi a Afirka shi ne fenthion, wanda jirgi ke zubawa a makwancin tsuntsayen da magariba. Makwancin nan galibi ciyayi ne da sarƙaƙiyar bakin ruwa, wato gungun da sauran tsuntsaye ke fakewa. Guba ba ta tambayar launin baki. Tana kashe abin da ta samu, ta kuma bi shaho da shirwa da duk abin da ya ci gawar, har da mutanen da kan tsinci matattun tsuntsaye su kai tukunya. An ƙiyasta jan baki a Afirka da kimanin biliyan ɗaya da rabi, kuma shekaru da dama na feshi ba su rage yawansa na dindindin ba, illa dai su ceci gonakin wani yanki a wata kaka. A ganina feshin yana da muhallinsa idan garke ya sauka a kan amfanin dubban mutane, amma bai kamata ya zama shi kaɗai ne dabara ba. A Chadi da kwarin Haɗeja ana kama tsuntsun da raga a sayar a kasuwa, kuma manoman da suka haɗa kai suka yi shuka da girbi lokaci guda suna raba asarar a tsakaninsu maimakon ta faɗa kan wanda ya makara.

Wanda ke ganin tsuntsu mai yawa ba ya ƙarewa, ya tambayi dattawa labarin gauraka, wadda a da take rawa a fadamun Arewa, yau kuwa da ƙyar a gan ta a Najeriya in ba a gidan wani attajiri ba. Ko ya tuna ungulun da ke cika mahauta da rufin kasuwa shekara talatin da suka wuce. A 2015 IUCN ta sanya wannan ungulu a mataki ɗaya da rawayan bakin Firinsife.

Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta cikakken bincike kafin a fara aikin ban ruwa da ya kai hekta 5,000, saboda haka duk ranar da aka tashi aikin Zauro da gaske, akwai takardar da za ta bi ta teburin ma'aikata. A nan ne ake iya rubuta cewa a bar itatuwan bakin tsofaffin hanyoyin ruwa, a dasa jerin itatuwa a wajen ganuwa da gefen hanyoyin mota domin su haɗa gungu da gungu, a kuma sa ɓaure da kanya da ɗinya a ciki, kada a tsaya kan dogon yaro da turare kaɗai. Kebbi tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, don haka wuraren renon itatuwa ba sabon abu ba ne gare ta.

Irin wannan takarda tana buƙatar alƙaluma, kuma hanyar tara su a buɗe take ga kowa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita tara a tsaye tara a kwance, mai sa-kai kuma yakan shafe aƙalla awa biyu a cikin gida guda yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji a manhajar BirdLasser ta waya. Matasan Arewa suna da ƙungiyarsu a cikin aikin, kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Jiha da ke Aliero ba su da nisa da fadamar. Lokacin da ya fi sauƙin samun rawayan baki shi ne makonnin farko na damina, daga idar da sallar Asuba zuwa fitowar rana, a lambun da ba a share ganyen ƙarƙashin mangwaronsa ba.